Ƙofar Iska

Bugu ɗaya Mai Fanka ya yi wa ƙyauren gidan da guduma, sakata ta yi tsalle ta faɗi a tsakar gida. Rana tsaka ne, layi cike da mutane, amma ko waige bai yi ba.

Kowa ya san abin da ya kawo shi, ko dai kowa ya ɗauka ya sani. Sati uku da suka wuce a wannan ƙofar aka zabga masa mari.

Matar gidan, wadda ake kira Mai Latas, ita ta ɗauko shi aiki. Tana da ɗaki a bayan gida, ba taga, tana son ta mai da shi gona marar ƙasa: latas a cikin bututun ruwa mai taki, fitilu a sama maimakon rana. Kwana biyu yana awo kafin ya zana mata tsarin a takarda. Kantocin ɗora bututu layi uku, da hanyar da mutum zai ratsa. Fanka a can saman bangon yamma tana zuƙe zafi waje. Ƙaramar ƙofar iska a ƙasan bangon gabas, inda sabuwar iska za ta shigo.

A bakin wannan ƙofar iskar, a jikin takardar, ya zana kuros da jan biro.

"Duk abin da ke nan wurin, ɗakin zai zuƙe shi," ya ce. "Ko da wasa kada a ajiye janareta a wurin."

Mijinta ya matso. Ya tambayi me zai faru in an ajiye. Ya tambayi minti nawa. Mai Fanka ya amsa masa dalla-dalla, har yana jin daɗi ya sami mai son ilimi. Ranar da aka gama aiki sai ga mijin nan ya tada balli, wai Mai Fanka ya cika kallon matarsa. Ya mare shi a gaban jama'a, ya jefo masa kayan aikinsa waje. Takardar kaɗai ya riƙe.

"Wallahi zan dawo gidan nan," in ji Mai Fanka, hannu a kunci. Har tela na tsallaken titi ya ji.

To, yau ga shi ya dawo.

Ya tsallake akwatin Mai Latas da ke ɗaure a soro kamar na mai shirin barin gida, ya zagaya bayan ɗakin inda janareta ke ruri. Bugu uku ya yi masa, injin ya yi shiru. Sannan ya nufo ƙofar gonar, idanunsa jawur.

Mijin na tsaye a wurin, ya ba ƙofar baya, ƙaton kwaɗo na lilo a gefen kafaɗarsa. Yana hango mutane sun fara shigowa ya kwarma ihu:

"Jama'a, ku taimaka! Matata na ciki! Kashe ta zai yi!"

"Makulli," kawai Mai Fanka ya ce.

Mijin ya zaro wuƙar yankan bututu ya kai masa sara. Ta tsarga masa dantse, jini ya wanke hannun rigarsa. Mai Fanka ya juya ƙotar guduma ya maka masa a wuyan hannu. Ƙarar karyewar ƙashin har soro aka ji ta. Wuƙa ta faɗi, amma mutumin bai bar ƙofar ba. Ya rungume kwaɗon da ɗaya hannun, yana cizo, yana shuri. Mata suna ta salati, wata har da ƙwalla, tana cewa ba ta taɓa ganin namiji mai son matarsa haka ba.

Maza suka yi caa a kan Mai Fanka. Wani ya sauke masa benci a gadon baya. Tela, wanda ko kaza bai taɓa yankawa ba, ya fasa masa goshi da dutsen guga. Mai Fanka ya durƙusa, ya miƙe, ya sake durƙusawa, jini na rufe masa ido. Bai rama wa kowa ba. Ya cafki mijin ta wuya ya buga kansa da bango, ya wurgar da shi gefe kamar buhu. Bugu na huɗu kwaɗon ya tarwatse.

Wari mai ɗaci ya bugo su, na gaba suka ja baya suna tari. Mai Fanka ya ja numfashi ya faɗa ciki. Aka ji wata kantar bututu ta kife, ruwa ya malalo ta ƙofa da ganyen latas a kai. Can sai ga shi yana jan Mai Latas ta hammata, faratanta duk sun kakkarye. Ya shimfiɗe ta a fili, ya yi ta danna ƙirjinta har ta sheƙa amai ta ja iska. Sannan shi ma ya zube a gefenta.

Tela ne ya leƙa ɗakin, dutsen gugar har yanzu a hannunsa.

"Ikon Allah," ya ce a hankali. "An fasa janareta, yaya na ga fitilu a kunne, fanka na juyawa?"

Sai a lokacin ya tuna shi ma tun safe kekensa na lantarki bai tsaya ba, wuta ba ta ɗauke ba ko sau ɗaya. Ashe abin da ya kawo Mai Fanka ke nan: rurin janareta alhali akwai wuta. Ya zagaya baya, jama'a na biye da shi.

Janaretan na nan a gindin bangon gabas, daidai inda aka yi jan kuros, bakin hayaƙinsa cushe a ƙofar iska an toshe gefe da tsumma, wayarsa kuwa a naɗe take tsaf, ba a jona ta da komai ba.