Ƙullin da Jinjirin Wata ke Saukewa

Tunda kin tambaye ni ko ya dace ki faɗa wa yaranki gaskiyar inda kayan sallarsu ke fitowa, gyara zama ki ji misalin wata mai ginin tukwane.

Matar nan tana da 'ya mace mai wayo da surutu, da kuma ɗan goye. Duk shekara idan azumi ya kama, sai ta ɗaura ɗamara. Da ƙishin azumi take haƙo yumɓu a bakin rafi, ta kwaɓa da ƙafa, ta gina tulu da kasko da randa, ta gasa, ta kai kasuwa a ka. Abin da ta samu sai ta yanko atamfa, ta kai wa tela a ɓoye. Ranar da aka ga wata, mutane na can ƙofar gida suna murna, sai ta ɗora ƙullin kayan a kan danga, ta ƙwala wa yarinyar kira ta zo ta ga abin da jinjirin wata ya sauke mata. Haka uwarta ta yi mata tana ƙarama. Akan ce wa yara wata yana leƙa kowane gida, inda ya ga yaron kirki ya ajiye masa kaya. Ita kuwa babu abin da ke wanke mata gajiya kamar ta ga yarinyar ta rungume ƙulli, ta ɗaga kai sama tana yi wa wata godiya.

Shekarar da yarinyar ta soma famfarar haƙora, maƙwabcinsu manomi ya kwanta ciwo tun farkon damina, ciyawa ta cinye gonarsa. 'Yarsa, wadda take sa'ar yarinyar kuma ƙawarta, ita ke ɗebo ruwa, ita ke surfe, ita ke yi wa uban fifita. Da safiyar sallah ta fito da tsohon zanenta, wankakke tas amma ya koɗe. Mai tukwane na tuƙa tuwo sai ta jiyo muryar 'yarta ta bayan danga tana cewa, "Wata ya tsallake gidanku. Inna ta ce yaran kirki kaɗai yake ba. Ke me kika yi?" Ba da mugunta ta faɗa ba, tsakaninta da Allah take tambaya. Ƙawar ta juya. Ta ruga gida, can aka ji kukanta tana tambayar uwarta laifin da ta yi wa wata.

Muciya ta tsaya cak a hannun mai tukwane. Ba ta ɗaga hannu ta doki 'yarta ba, domin ta san maganar tata ce, bakin yarinya kawai ta ara. Ta sauke tukunya, ta kama hannun yarinyar ta kai ta bayan gida inda take gasa tukwane, tokar ma ba ta gama hucewa ba. Ta zura hannu cikin wata tsohuwar randa ta zaro ƙyallen da tela ya rage, ta kara shi a jikin sabuwar rigar, iri ɗaya sak. Sa'an nan ta buɗe tafin hannunta, duk ya tsage da yumɓu da wuta, ta ɗora na yarinyar a kai.

"Taɓa ki ji," in ji ta. "Wannan shi ne watan da ke kawo miki kaya. Randunan da kika ga na kai kasuwa su ne rigar nan. Baban ƙawarki ba shi da lafiya, bai yi noma ba, shi ya sa. Ta fi ki aiki, ba ta yi wa kowa laifi ba."

Yarinyar ta fizge hannunta, ta ɓare baki da kuka. "Ashe ƙarya kika yi mini, Inna!"

"Wasa ne irin wanda ake yi wa ƙanana," in ji uwar, ba ta kau da ido ba. "Yau kin girme shi."

Ta bar ta ta yi kukanta ya ishe ta. Da ta share hawaye sai ta daɗe tana kallon tokar, ta dubi rigarta, ta sake duban hannun uwar. Can ta tambaya: in wata ba ya kawowa, to wa zai kai wa ƙawarta? Uwar ta ce duk wanda ya gani, kuma yana da abin bayarwa. Yarinyar ta kwance sabon ɗankwalinta, ta tuɓe sababbin takalmanta, ta zagaya danga ba takalmi. Uwar ta bi bayanta da akushin tuwo. A ranar tare yaran suka yi yawon sallah, ɗaya da riga, ɗaya da ɗankwali da takalmi, suna dariya da giɓinsu.

Da azumi ya zagayo, ba wanda ya aiki yarinyar rafi, ita ta ɗauki ƙwarya ta bi uwar. Ta koyi gina ƙananan kasake, karkatattu amma suna sayuwa, da su aka ɗinka wa ƙanenta 'yar riga. Bayan ya soma magana ya taɓa nuna sama ya tambaye ta ko wata ne ya kawo masa. Ta ce masa ranar sallah kawai wata yake kawowa, riga kuwa mutane ne, ya je ya gode wa Inna.

Shekarun da aka yi ana gode wa wata, ko ƙyalle bai tsallaka danga ba. Yini guda aka faɗi gaskiya, gida biyu suka yi sallah. Shi ya sa Hausawa ke cewa ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya.