Mai Ihu da Mai Numfashi

Sallau, na ji an ce gobe za ka kai sabuwar motarka wajen mai walda ya huda maka salansa, wai abokanka sun ce shigowarka unguwa kamar ta ɓarawo, ba a ji. Motarka ce, ba zan hana ka ba. Amma ja kujera tukuna in ba ka wani misali, shayin ma bai huce ba.

An yi wasu 'yan'uwa biyu, wa da ƙane, waɗanda tuƙi ya shiga jininsu. Ba lodi suke ɗauka ba, ba fasinja ba, daɗin abin kawai suke ji. Motocinsu iri ɗaya ne har launi, a kunne kawai suka rabu. Wan ƙarar baya yake so. Ya sa aka yanke masa tukunyar salansa, aka liƙa bututu mai faɗin baki, in ya taka totur daga bakin kasuwa sai kaji su watse a ƙofar gidansu, masu shayi su ɗaga masa hannu. Ƙanen kuwa ƙarar gaba ce tasa. Ka san inji ma shaƙa yake yi kamar ni da kai, kafin ya fitar da hayaƙi ta baya sai ya ja iska ta gaba. To wannan jan iskar yana da nasa sauti, wani gurnani mai kauri da ke tasowa daga ƙarƙashin bonet in ka taka mota a hawa, ka ɗaga ƙafa ya kwanta. Na waje ba ya jin sa, sai mai riƙe da sitiyari da na gefensa. Don kada wannan muryar ta dushe, duk mako sai ƙanen ya ciro matatar iska ya kakkaɓe ta ya mayar. Mutanen gari suka sa wa motarsa suna Bebiya, ya yi dariya ya karɓa. Shi wan bai san buɗe bonet ba, in dai baya na tsawa to a wurinsa lafiya lau. Jar ƙasar hanyar gona da ƙaiƙayin sussuka suka yi ta cushe matatarsa, har injin ya koma shaƙa da ƙyar kamar mai mura. Motar tana ta faɗa masa, amma ina zai ji? Ihun da ya ɗaura mata a baya ya toshe masa kunne.

Ana nan sai ƙanwarsu da ke aure a wani ƙauye can kan dutse ta haifi mace, aka aiko cewa sunan tsohuwarsu za a sa wa jaririyar. Tsohuwa ta ce ko da rarrafe ne sai ta je, da kunnenta za ta ji an raɗa wa takwararta suna. Ranar suna da sassafe 'ya'yan suka jera motoci a ƙofar gida. Ta shiga ta wan, don babba babba ne, kuma in za a faɗi gaskiya ita ma tana so a san ta iso. Ya tashi unguwa da ƙara ya yi gaba, ƙanen ya biyo baya da kayan barka. A shimfiɗaɗɗiyar hanya ba laifi. Da suka kama hawan dutse sai zance ya canja. Wan ya taka, baya ya yi tsawa, baƙin hayaƙi ya turnuƙe, mota kuwa kamar an riƙe ta. Ya sauko giya ta biyu, ya sauko ta ɗaya, ihu na ƙaruwa tafiya na raguwa, har ta tsaya cak a tsakiyar hawa, sai da ya fito ya tare taya da dutse. Tsohuwa ta dubi rana ta ga ta ɗaga, ta san liman ba zai jira ta ba, hankalinta ya tashi ƙwarai. Sai ga Bebiya ta iso. Ƙanen ya buɗe wa uwarsa gidan gaba, wan ya shige baya tsakanin kayan barka jiki a sanyaye. Da ƙanen ya taka, gurnanin nan ya taso daga gaba, mota ta riƙa haye dutsen ba gargada. Tsohuwa ta kasa kunne can, ta ce, “Ashe ba bebiya ba ce. Ta yayanka ihu take yi, taka numfashi take yi.” Shigarta gidan suna ke da wuya, ko mayafi ba ta cire ba, sai maroƙi ya ɗaga murya a ƙofar gida da sunanta. Ta rungumi takwararta tana hawayen daɗi. Da yamma 'yan'uwan suka sauko, suka ciro matatar wan, ta toshe kamar rariyar da ba a taɓa wankewa ba. Suka kakkaɓe ta, mota ta tashi. Wan ya hau sauran dutsen bai taka da ƙarfi ba, ya sunkuyar da kai wajen sitiyari yana saurare, yana murmushi shi kaɗai.

To Sallau, ƙarar baya ta mutanen titi ce, ta gaba ita ce taka. Ni na tsufa a kan sitiyari, kuma har yau raina na yin fari in na ji inji ya ja iska a hawa. Gobe kafin ka je wajen mai walda, nemi hawa ka taka ta, ka saurara. In ka dawo kana nan a kan bakanka, je ka huda abinka. Hausawa dai sun riga sun faɗa: ba girin-girin ba, ta yi mai.