Mai Koren Zobe

Karo na goma sha ɗaya ke nan. Firisila ta daki tebur har shayinta ya fantsama kan kwamfuta.

A baki aikin ba wuya. Hotunan galaksin Andromeda, wani ƙaton garken taurari, da maƙwabtanta ne aka zuba a manhaja, masu sa kai na duniya suna taya dubawa. Curin taurari ake nema: dubban tsofaffin taurari da suka dunƙule wuri guda, amma daga nan ɗigo ɗaya kake gani. Tauraro tilo bakinsa da kaifi. Curi kuwa bakinsa da laushi, kamar an goga masa yatsa. Iyakar bambancin ke nan, kuma a kansa ta kwashe shekara uku idonta na ruwa.

Ita ce ƙwararriyar, da jan zobe take zagaye nata. Masu sa kai da kore. Kwatsam sai ga wani Baƙo 4417, ba suna, ba gari, ba ko sannu da aiki, yana bin bayanta yana ɗauke abin da ta yar, yana soke abin da ta zaɓa. Sau goma sha ɗaya ana sake aunawa, sau goma sha ɗaya shi ke da gaskiya.

"Kujera ɗaya ce a tawagar nan, Firisila," in ji Oga Linus, shugaban cibiyarsu. "Ki nemo min mutumin nan kafin Juma'a. In ya yarda, to..."

Ba sai ya ƙarasa ba. Wato da hannunta za ta nemo mai gadon kujerarta. Kai, wannan rainin wayo da yawa yake!

Ta aika masa saƙo bakwai da Turanci, ko buɗewa bai yi ba. Ta bi diddiginsa. Ƙarfe biyu na rana yake shigowa, huɗu ya fita. Lahadi ba ya leƙowa, Alhamis ma haka. Ko mamanta, da ba ta taɓa fashin zumuntar mata ta ranar Alhamis a coci ba, ba ta kai shi riƙon lokaci ba. Ta ƙiyasta shi a ranta: wani tsohon farfesa a ƙasar ƙanƙara, ya ci ya ƙoshi, ya rasa abin yi sai zuba ƙasa a abincin mutane.

Ranar Laraba da ƙarfe uku ta ga kore na goma sha biyu ya sauka a kan janta. Ta rufe kwamfutar, ta tari keke zuwa Kabong, wurin mamanta, ko ta huce, ba ta ko yi wa kowa sallama ba.

Ta tarar da Mama Magadaliya a baranda, faifan acca a gefe. Shekara talatin tana sayar da acca, ba wanda ya taɓa tauna tsakuwa a tata. Ta gama tsintar ranar, ta duƙufa kan tsohuwar wayar da Firisila ta bar mata bara, yadda take, ba a goge komai ba.

"Mama, ina magana, ke kina latse-latse!"

"Yi haƙuri, 'yata, wasan nan naki na tsintar ɗige-ɗige ne." Ba ta ko ɗago ba, ta sa yatsa ta zana koren zobe. "Akwai wani mai jan zobe a ciki, ko makaho ne oho, kullum sai na bi bayansa ina gyara masa."