Gemun Bintu

Kwamfutar Alkasum ta sake haɗiye faifan, ta yi kamar ba ta san da shi ba. Ya kashe, ya kunna, ya bubbuga maɓallin da aka ce ya buga, sai ga tsohon allonsa ya dawo da cututtukansa cif. Ya cire hula ya share gumi. Shi mai ɗaukar bidiyon biki ne a unguwar Zango ta Damagaram, ya san kyamara kamar yunwar cikinsa, amma cikin kwamfuta bai taɓa leƙawa ba.

Fim guda ne ya jefa shi wannan wahala. A shekarar nan ruwa ya ƙi sauka, gero ya ƙone a gonakin Gouna tun yana tsiro, matan unguwar Birni suka fita roƙon ruwa irin na kakanni, kowacce sanye da kayan mijinta. Alkasum ya laɓe bayan dutse da kyamara. Sai ga taubashiyarsa Bintu, 'yar kawunsa, diraktar makarantar da ko malamai ke shakka, cikin wandon mijinta, ta manna gemun gashin akuya, tana tiƙar rawa har da juyi.

Allah ya ba shi sa'a. Tun suna yara Bintu ke kayar da shi a wasan taubasai, bai taɓa ramawa ba. Ya rantse ranar bikin 'yarta Wasila zai haska fim ɗin a bangon gida, gaban dangin ango 'yan Takieta. Al'ada ta hana ta fushi da taubashi, don haka ta zo ta roƙe shi. Ya yi dariya har da buga cinya.

Sai dai kwamfutar ta ci amanarsa. Cuta ta cika ta, manhajar haɗa fim ta ƙi buɗewa, kaset ɗin kuwa ya riga ya ɗora wani taron suna a kai. Gemun Bintu ba ya ko'ina a duniya sai cikin wannan tsohon akwati.

Ana haka Suma'ila, direban wani proje mai raba wa makarantu kwamfuta, ya kawo masa faifai da lambar waya. Linux ne, in ji shi, wani tsarin tafiyar da kwamfuta wanda wasu masana suka gyara musamman don masu haɗa fim, kyauta ne kuma cuta ba ta kama shi. Lambar ta wani Modu ce, gwani a Yamai. "Amma fa ba ya son kira, sai saƙo."

Modu ya zama mutum mai haƙuri. Shi ya koya masa cewa sai ya shiga wani shuɗin allo ya ce wa kwamfutar ta fara da faifai, kuma maɓallin shiga ana buga shi tun kafin ta gama farkawa. Alkasum ya yi ta makara. Da ya samu ya shiga, wuta ta ɗauke. Da wuta ta dawo, zafi ya sa akwatin ya mutu, ya koma yi masa fifita kamar mai jinya. Amsar Modu ba ta zuwa da safe, sai bayan azahar. Ranar da famfon Birni ya kawo ruwa ma shiru ya yi yini guda, Alkasum kamar ya yi kuka.

Da faifan ya tashi, rubutu ya fito da Turancin Ingilishi. Alkasum yana da ɗan Faransancinsa, ya tambaya ko a canza. "Kar ka taɓa harshe, zai rikice," in ji Modu. Ya tambaya ko ya fara kwashe fim ɗin a kile, ɗan abin ajiyar nan da ke rataye a wuyansa. "Kul! Kilenka ma cuta gare ta. Bar kowane abu inda yake." Alkasum ya ji daɗin samun malami mai kula haka.

Ana gobe biki ya iso mataki na ƙarshe. Zaɓi biyu suka bayyana, ya kwafe su harafi-harafi ya aika. "Na sama," Modu ya amsa nan take. "In ya yi ja, ka ce e." Ya yi ja. Ya ce e.

Kai, abin ya yi kyau! Wani tsuntsu mai tumbi da ba a taɓa gani a Damagaram ba ya fito yana murmushi, kwamfutar ta koma gudu kamar sabuwa. Alkasum ya yi hamdala, ya shiga neman fim. Ya buɗe nan, fayau. Ya buɗe can, fayau. Zaɓin na sama ya share kowane abu, har da gemun Bintu.

A daidai lokacin Bintu ta yi sallama, ta zauna a benci da jakarta a cinya, ta marairaice fuska.

"Haba ɗan gwaggo, ka rufa mini asiri. Surukai fa za su gani."

"Gobe za ki ga sinima," ya ce. "Bari in kira mutumina na Yamai."

A karon farko ya karya dokar Modu, ya danna kira. Jakar da ke cinyar Bintu ta fara ruri. Ba ta yi gaggawa ba, ta ciro wayar, ta gyara mayafi, ta kara a kunne tana kallon tsakiyar idonsa.

"Alo," ta ce, tana shafa haɓa, "Modu ke magana."