Garmar da Ba Ta Lanƙwasa

Hadari ya fara haɗuwa, ni kuwa bakin garmata ya lanƙwashe, ga gona ko kunya ɗaya ban ja ba. Na saɓa ta na nufi maƙerar Jatau.

Yanzu babu zuga-zugi a wurinsa, babu guduma. Wani faifai ne mai sanyi yake juyawa, a zuba masa narkakken ƙarfe, ya daskare kafin ka ƙifta ido.

"Cindo, ka kawo tsohuwar taka asibiti?" in ji Jatau.

Na ce, "Daka mini ita kamar kullum."

"Wa yake daka yanzu? Narka ta zan yi."

Ya jefa ta a wuta. Ban gama gyara zama ba ya miƙo mini sabuwa, sumul, har ina ganin haƙorana a jikinta. Na taɓa, sanyi ƙalau.

"Ba tsatsa, ba lanƙwasa," ya ce. "Baɗi ba sai ka zo ba."

"In ta gaji fa?"

"Ba ta nunawa. Fashewa take kamar kwalba."

Na ƙwanƙwasa ta da dutse yadda babana yake gwada ƙarfe. Ta ɗauki ƙara, siririya. Har na wuce masallaci ba ta yi shiru ba.

Aiki kam ta yi. Kafin la'asar na gama huɗa, ruwa ya sauko, na ci tuwo na ƙoshi. Amma a zaure na ajiye ta, ba a ɗaki ba, kada ta fashe mini ina barci. Baɗi kuma zan je wurin Jatau, ko don ya zolaye ni.