Batirin da Ya Fi Ƙarfin Ƙauye

Dakata tukuna, malam. Kafin ka kai kayan aikinka kasuwa, ji abin da ya sami wani kafinta. A ƙauyensu babu wutar lantarki, amma yana da injin huda ƙarfe da zarto masu aiki da batir. Sun tsufa kam, har wani sai da aka ɗaure shi da roba, amma kullum da safe in ya kai batiran rumfar mai cajin waya, 'yar solar nan takan cika su kafin azahar. Wata rana ya shiga birni ya ga sabon samfuri, batir kamar bulo, wai awa guda yake cika ya wuni yana aiki. Shi ke nan, ido ya rufe. Da yake sabon batir ba ya shiga tsofaffin injuna, sai ya tattara su kaf, har da caja, ya sayar wa wani matafiyi, ya yi ciko ya sayo sababbi. Da ya dawo bai ko gwada cajar a rumfar caji ba. Ina ya ga ta gwaji, jama'a na ta zuwa kallo?

Washegari wani manomi ya ba shi aikin sake kwanon ɗakin da ya tara gero da waken da gidansa zai ci har kaka. Ga shi damina ta kama. Jigon rufin na ƙarfe ne, kusoshinsa masu zare, sai inji ke iya murɗa su, guduma ba ta da abin yi a nan. Da 'yar wutar da ta zo a batirin daga kanti gogan naka ya kwance tsohon kwano tas, yana fito. Ya ɗora sabo huɗu, ana biyar inji ya yi shiru. Ya ruga rumfar caji. Ana jonawa sai na'urar sola ta yi ƙara ta ɗauke, wayoyin mutane duk suka daina caji. Aka sake, haka. Mai rumfa ya ce, "Haba malam, cire abin nan kada ka ƙona min kaya, ya fi ƙarfinmu." Janareta ɗaya ne a garin, shi ma yana wajen gyara. Da kafintan ya ɗaga kai, gabas ta yi baƙi ƙirin. Nan fa ya kira wanda ya sayi tsofaffin, aka ce ai motarsu ta yi nisa tun asuba. Ya koma ya hau rufi da sukundireba, gumi na shiga masa ido, tafin hannunsa ya sale, kusa biyu kacal ya iya ɗaurawa. Manomin na tsaye a ƙasa, ya dubi sama, ya dube shi, ya ce, "Malam, abincin 'ya'yana ne fa a ƙarƙashinka." Wallahi da ƙasa za ta tsage da kafintan ya shige. Suka rufa tabarmi da leda, iska ta yi gaba da su. Ba su fitar da buhu goma ba ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya.

Kwana uku bayan nan gero ya tsiro a cikin buhu, wake ya ruɓe, kuma ba wanda ya ƙara kiran kafintan nan aiki a garin.

To, ka ji. Masu iya magana sun ce, garin neman ƙiba akan samo rama.