Kafaɗar Sallau

Tun da aka kafa sabuwar doka, ba a ɗaura aure sai ango ya shiga ɗakin ƙira, inda inji ke karanta zuciyar amarya, ya sake masa jiki yadda take so.

Ranar Laraba Tanimu, mai shirin auren Ladidi, ya je, tare da abokinsa Sallau, wani gajere mai karkatacciyar kafaɗa. Tanimu ya kasa zama a benci, sai kai-komo yake.

"Mutumina, dogo zan fito," in ji shi. "Na san Ladidi."

"Allah ya sa, ango," in ji Sallau, idonsa a ƙasa.

Aka kira ango ya shiga. Da aka buɗe ƙofa, Tanimu ya fito gajere, rigarsa na jan ƙasa, kafaɗarsa ta hagu a karkace.

Ya waiwayi benci, bai ga kowa ba sai takalmin Sallau ƙafa ɗaya, da ya yar garin gudu.